Kumburin Bayan Suna

Laraba

A zaune ƙanwata Auta ta kwana jiya, an tara mata filo a baya ta jingina da bango. Da barci ya ɗauke ta ta zame, sai tari ya sarƙe ta, ta zabura tana neman iska. Ko sati uku ba ta yi da haihuwa ba. Ɗan fari ne, shi ya sa take wanka a gida, gaban Umma da Goggo. Tun washegarin suna ƙafafunta suka fara hawa. Goggo ta ce sanyi ne ya shige ta don ruwan wanka ba ya tafasa yadda ya kamata, aka ƙara itace. Mai kemis ɗin bakin layi ya ce asma ce, ya haɗa maganin tari da wasu ƙwayoyi. Da asuba Umma ta buga mini waya. Yanayin muryarta kawai na ji na jawo mayafi.

A ɗakin gaggawa ba a ɓata lokaci ba. Nas ta maƙala mata wani ɗan abu a yatsa, ta dubi lambar, ta sa aka jawo tukunyar oksijin. Wani matashin likita ya danna babban yatsansa a ƙwaurinta ya ɗauke, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ya karkatar da kanta ya duba wuya, ga jijiya ta cika ta miƙe tana harbawa har kusa da kunne. Ya saurari bayanta hagu da dama. Sannan ya juyo gare ni: tana iya kwanciya ba filo? Tarin ya fi tsanani da dare? Jininta ya hau lokacin da take da ciki? Ta ƙarshen Auta ce ta amsa da ka. A wajen awo, wata na takwas, an ce ya hau, an ba ta magani. Da ya ƙare ba ta koma ba, tunda ba ta jin ciwon komai.

"Malama, zuciyarta ce ta gaza," in ji shi. "Ruwa ya taru a huhu. Shi za mu fara cirewa."

Umma ta ja salati. Aka yi mata allurar Lasix ta jijiya, kafin azahar sai fitsari ba ƙaƙƙautawa. An ba mu gado a ɗakin mata, kusa da taga. Jaririn yana gida, ana kawo shi shan nono.

Alhamis

Da safe likitoci suka yi zagaye, babbarsu mace ce, ɗalibai na biye da ita. Umma ta ƙi fita tare da sauran masu jinya. Ta jira sai da likitar ta gama rubutu, ta ce, "Likita, ki gaya mini tsakani da Allah, wani abu aka yi mata a gidan miji?" Mijin Auta yana tsaye a ƙarshen gado. Ya sunkuyar da kai, na ji kunya ta kama ni a madadinsa. A wajen Umma, da ma kusan kowa a unguwarmu, ciwon zuciya baƙin ciki ke kawo shi: kishiya, uwar miji, bashi.

Likitar ta ce, "Mama, ba wanda ya ɓata mata rai har ya jawo wannan. Tsokar zuciyar ce ta yi rauni, kuma yana faruwa ga mata bayan haihuwa." Ta tambayi mijin sana'arsa, ya ce noman rani. Ta ce to ai shi ya fi kowa ganewa: in injin ban ruwa ya rage ƙarfi, gona ba ta ƙoshi, ruwan kuma ya taru a bayan injin. Gajiyar da Auta ke ji, jinin da ba ya isa gaba ne. Kumburi da tari kuwa, wanda ya taru a baya ne.

Da yamma ɗaya daga cikin ɗaliban ya dawo auna ta, na tsare shi ya zana mini a bayan rasit. Ɗakuna huɗu ne, biyu a sama masu karɓar jini, biyu a ƙasa masu tura shi, da bango a tsakani wanda ya raba dama da hagu. Jinin da ya gama zaga jiki, oksijin ɗinsa ya ragu, yana shigowa ta dama. Ɓangaren dama ya tura shi huhu, ya zubar da gurɓatacciyar iska ya ɗauki sabuwa, ya dawo ta hagu. Ɗakin ƙasa na hagu shi ne mai kaurin tsoka, don shi ke harba jini cikin babbar jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, ƙoda, hanji, har yatsan ƙafa. Bawul huɗu ne ke hana jini komawa baya, kuma ƙarar rufewarsu ce likita ke saurara in ya ɗora abin aunawa a ƙirji. Umarnin bugawar ma daga cikin zuciyar yake fitowa, daga wani ɗan ƙulli a ɗakin sama na dama da ke sakin wutar lantarki. Ita ce wutar da aka zana a doguwar takardar awon zuciyar da aka yi wa Auta jiya. Babban mutum in yana hutawa zuciyarsa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, wajen sau 100,000 a yini, kuma jinin jikinsa gaba ɗaya, kimanin lita 5, yana ratsa ta cikin minti guda. Ta Auta ta haura 120 lokacin da muka zo: abin da bugu ɗaya ya kasa turawa, take neman ramawa da sauri.

Daga nan abubuwan da na gani suka fara haɗuwa. Hagun ta yi rauni, jini ya yi cunkoso a huhu, ruwa ya tsattsafo cikinsa. In ta kwanta, wanda ya taru a ƙafafu sai ya gangaro ƙirji ya ƙara wa huhun kaya, shi ya sa zama ya fi mata. Cunkoson ya kai dama, sai jijiyar wuya ta cika, hanta ta kumbura, ƙafa ta hau. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne aikin ƙoda. Ta ga jinin da ke zuwa mata ya ragu, ta ɗauka jiki ne ya bushe, ta shiga riƙe gishiri da ruwa. Taimako take nufi, ta ƙara dagula lamari.

Tarihi nake koyarwa a makaranta, don haka da ya zana layin da ya tashi daga dama ya bi ta huhu ya faɗa hagu, sai na tuna Ibnun Nafis. Mutumin Sham ne, ya yi aikin likita a Alƙahira, ya rasu a 1288. Sama da shekara dubu masana suna bin Jalinusa, wani likitan zamanin da, a kan cewa jini yana ratsawa daga dama zuwa hagu ta wasu ƙofofi da ido ba ya gani a bangon tsakiya. Ibnun Nafis, a sharhin da ya yi wa littafin Ibnu Sina, ya ce bangon ba shi da ƙofa, dole jinin ya bi ta huhu. Sai a 1628 William Harvey na Ingila ya nuna cewa jinin jiki duka zagaye yake yi, ya lissafa yawan da zuciya ke turawa ya ga ba yadda za a yi jiki ya riƙa ƙera sabo a kowane lokaci. Rubutun Ibnun Nafis kuwa ya kwanta har 1924, lokacin da wani likita ɗan Masar ya ci karo da shi a ɗakin karatu a Balin. Na gaya wa ɗalibin, ya ce an taɓa ambata musu a aji amma ba ya fitowa a jarrabawa.

Juma'a

An yi hoton zuciya, wanda suke kira eko. Kuɗinsa ya cinye abin da ya saura na barka. Ɗaki ne mai duhu, ta kwanta ta gefen hagu da ƙyar, aka shafa mata wani abu mai yauƙi a ƙirji. Likitar ta bar ni na tsaya. A allon na ga ɗakin ƙasa na hagu ya buɗe ya yi faɗi, bangonsa yana motsi kaɗan-kaɗan, ba ya matsewa. Ta ce lafiyayyar zuciya a kowane bugu tana fitar da kashi 55 zuwa 70 cikin ɗari na jinin da ke wannan ɗakin. Ta Auta 32. In mace ta zo da gazawar zuciya a ƙarshen ciki ko a watannin bayan haihuwa, lambar ta gaza 45, kuma ba a ga wani dalili daban ba, to wannan ciwon ne. Ta daɗe tana leƙa ƙasan ɗakin tana neman gudan jini, domin jinin da ba ya gudu sosai yana daskarewa, in gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa sai shanyewar ɓarin jiki. Ba ta gani ba. Bawul ɗin ma lafiyarsu ƙalau, sai ɗan yoyon da faɗin ɗakin ya jawo.

Na tambaye ta me ya haɗa haihuwa da zuciya. Ta ce ciki kansa aiki ne babba: jinin mace yana ƙaruwa da kusan rabi, zuciya tana tura fiye da yadda ta saba na tsawon watanni. Da an haihu mahaifa ta tsuke, jinin da ke cikinta ya dawo hanya, ruwan da ya taru a jiki shi ma ya biyo. Yawancin zukata suna ɗauka ba tare da mai su ta sani ba. Wasu masu bincike a Jamus sun nuna a 2007 cewa sinadarin da ke kawo ruwan nono, furolaktin, yana iya gutsurewa ya zama wani guntu mai lahani ga ƙananan jijiyoyin zuciya. Daga nan aka fara gwada maganin da ke tsayar da shi, bromokiriftin, har a Afirka ta Kudu. Sai dai yana ƙafar da nono. Ta dube ni ta ce, "Gidanku za a iya sayen madarar gwangwani wata shida, da tafasasshen ruwa kullum?" Ta yanke cewa a halin da Auta ke ciki ta ci gaba da shayarwa, a zaɓa mata magungunan da ba sa cutar da yaro.

Umma ta tafi da yaron kafin magariba. Auta ta ci tuwo kaɗan, miyar ba gishiri, ta ɓata fuska.

Asabar

Goggo ta zo da kanta, da fulas a cikin zani. Tana buɗewa sista ta juyo daga gado na uku.

"Mama, kanwa ce a ciki?"

"'Yar nan, da wannan kunun na yi jego tara. Uwar wannan ma ni na yi mata wanka."

"Allah ya ƙara lafiya, Mama. Amma wannan ba za ta sha ba."

Goggo ta rufe fulas ɗinta a hankali, ta zauna a kan tabarma ta juya mana baya. Ba ta yi wa kowa magana ba har la'asar. Na san abin da take ji. Tun ranar Laraba ba wanda ya furta, amma kowa na gida yana kallonta ta gefen ido, ita da ta tashi tun kafin asuba tana hura wuta, ta tsinko ganyen darbejiya, ta dafa ƙauri ran kwana huɗu. A saninta mai jego ɗanyen jiki gare ta, in ba a gasa shi ba sanyi ya shige ta ta kumbura. Ga kumburi ya zo, kuma ana cewa ita ta kawo.

Wannan zargin yana da tarihi, likitar ta ba ɗalibanta shi a gabana. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun bi mata 224 masu gazawar zuciya bayan haihuwa, suka buga sakamakon a 1978. A lokacin ana ganin ciwon a kusan haihuwa ɗaya cikin ɗari a yankin, abin da ba a taɓa jin irinsa ba a duniya, kuma ya fi yawa a watannin zafi da laima. Suka ɗora alhakin a kan wankan tafasasshen ruwa, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kunun kanwa. Hujjarsu tana da ƙarfi. Kanwa, fara ce ko ja ko ungurnu, cike take da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri wanda ke riƙe ruwa a jiki. Zafi kuma yana buɗe jijiyoyin fata, dole zuciya ta ƙara aiki. Shekara da shekaru littattafan likitanci na duniya suna maimaita wannan, har sunan Zariya ya manne da ciwon.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Wani bincike a Yamai a 1992 ya gano cewa masu ciwon suna da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini, daga baya aka sake ganin haka a Kano. Sannan Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranci tattara bayanan mata 406 daga asibitoci a sassan Najeriya, aka buga a 2020. Arewa maso yamma ce ta fi ko'ina yawan masu ciwon, har yanzu kimanin haihuwa ɗaya cikin ɗari, alhali a Amurka ɗaya ne cikin dubu ko fiye. Sai dai da aka gwada masu ciwon da matan da suka haihu lafiya, ba a ga wankan jego da kunun kanwa sun bambanta su ba. Abubuwan da suka fito su ne rama, rashin karatun boko, rashin aikin yi, da hawan jinin masu ciki. Wato talauci da jinin da ya hau aka yi sakaci da shi. Na Auta ya hau a wata na takwas.

Abin da na ɗauka shi ne, ba a tabbatar kunun Goggo ne ya raunana zuciyar ba, amma zuciyar da ta riga ta raunana, kanwa da tafasasshen ruwa ƙara mata nauyi suke. Illar da ta fi girma ma ba a fulas take ba. Tana cikin fassarar da aka yi wa kumburin, wadda ta sa aka ƙara itace maimakon a nemi mota. Ina ganin an fi son zargin tsofaffi saboda ya fi araha. Hana kunu ba ya cin ko kwabo. Ciyar da yarinya mai ciki da kyau, da tabbatar da cewa ta koma awo, su ne masu tsada.

Na je na zauna kusa da ita a tabarmar. "Goggo, likita ta ce ba ke ba ce." Ta ce, "Na ji." Can ta ƙara, "To me za ta sha? Mai jego ba ta zama da ciki wayam." Muka daidaita a kan kunun gyaɗa.

Lahadi

Ranar 'yan dubiya, ɗakin ya cika da kwanuka da sallama. Yanzu na san maƙwabtanmu.

A gadon dama akwai yarinya da ba ta wuce sha huɗu ba, daga ƙauye. Babarta ta ce tun tana ƙarama take yawan ciwon maƙogwaro, wata shekara kuma ta yi zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi mai yawo, yau gwiwa gobe idon sawu. Aka ce amosani ne, aka yi jiƙe-jiƙe, ya lafa. Ashe wata ƙwayar cuta ce ta maƙogwaro, wadda fenisilin ke kashewa. In ba a kashe ta ba, bayan sati biyu ko uku garkuwar jikin wasu yara sai ta rikice ta afka wa gaɓoɓi da bawul ɗin zuciya. Gaɓoɓi suna warkewa, bawul kuwa tabo yake yi, kowane dawowar zazzaɓin ya ƙara lalata shi. Nata na tsakanin ɗakunan hagu ne, ya ƙanƙance kuma yana yoyo. Za ta riƙa karɓar allurar fenisilin duk wata na shekaru don kada ya ƙaru. Gyaran bawul ɗin sai tiyata, kuɗin miliyoyi ne, uban ya ji adadin ya yi murmushi kawai. Ciwon nan ya kusa ɓacewa a Turai tun tuni, amma har yanzu yana kashe kimanin mutum 300,000 a shekara, kusan dukkansu a ƙasashe irin namu. Na duk ɗakin, nata ne ya fi tsaya mini a rai, saboda maganin da zai hana shi yana nan a kowane kemis.

A hagu wata dattijuwa ce mai hawan jini. Shekara da shekaru tana da magani, amma sai kanta ya yi ciwo take sha. Hawan jini kuwa yawanci ba ya ciwo. Zuciya ce ke ta turawa a kan matsi, tsokar ta yi kauri, ta yi tauri, daga baya ta saki. Sista ta ce shi ne kan gaba wajen kawo gazawar zuciya a ƙasashenmu, kuma duk wanda awonsa ke kai 140 bisa 90 a kai a kai ya shiga layi. 'Yar dattijuwar na gani da idona tana marmasa dunƙule a miyar asibiti, wai Hajiya ba ta iya cin lami. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin dunƙule da burodi. Ban ce mata komai ba. Na gaya wa sista.

Kawu ya zo da yamma, ya tambaya ko irin ciwon da ya kashe abokinsa ne, wanda ya dafe ƙirji a kasuwa ya faɗi. Na ce a'a, da ɗan ilimin da na tara a bayan rasit. Tsokar zuciya ba ta shan jinin da ke cikin ɗakunanta, tana da jijiyoyinta na kanta da suka fito daga gindin babbar jijiya. Kitse yana taruwa a bangonsu a hankali, musamman ga mai shan taba, mai ciwon suga, mai hawan jini. Ranar da wurin ya fashe jini ya daskare a kai, hanya ta toshe, ɓangaren tsokar ya fara mutuwa cikin sa'o'i. Kawu ya ce, "Ikon Allah," ya gyara zaman kwalin sigarin da ke aljihunsa. A bangon baranda akwai takardar da ta ce cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, kusan kashi ɗaya cikin uku na mace-macen duniya. Na nuna masa da zai fita.

Litinin

Matar da ke gadon da ke kallon namu ta rasu wajen ƙarfe uku na dare. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Irin ciwon Auta ne. Ƙanwar mijinta da ke jinyarta ta ba ni labari tun shekaranjiya. A haihuwar da ta gabata ta kumbura, an kwantar da ita, ta samu sauƙi, aka sallame ta da magani da gargaɗi. Sauƙin ya sa ta bar maganin, ba a sake hoto ba, kafin yaron ya shekara wani cikin ya shiga. Wannan karon sai da ta yi wata uku tana fama a gida, an zaga masu magani, aka kawo ta bayan hannu da ƙafar dama sun daina motsi, baki ya karkace. Gudan jinin da likita ta nema a zuciyar Auta ba ta gani ba, a tata ya samu.

An ja labule, amma labulen asibiti ba ya tare sauti. Auta tana jin komai. Da gari ya waye ta ce, "Yaya, irin nawa ne ko?" Na ce irinsa ne, kuma na gaya mata duk inda labarinsu ya rabu. Ba ta yi kuka ba. Ta ce in kira mata mijinta.

An fara mata wani sabon magani yau, ɗan mitsitsi, mai rage gudun zuciya. Sai da suka jira ruwan ya ragu kafin su fara, kuma a hankali za a riƙa ƙarawa.

Talata

An cire oksijin. Kullum da safe ana ɗora ta a sikeli, nauyin yana ta sauka, duk ruwa ne. Idon sawunta ya fito. Ta taka har bakin baranda ta dawo ba ta tsaya ba. Filo biyu ta kwana a kai, ban ji tari ba. Ni ce ma na kasa barci saboda sauro.

Laraba

Likitar ta ce a zo da mijin, shi kuma ya zo da mahaifiyarsa. Gabana ya faɗi da na ga Hajiya.

Likitar ba ta ɓoye musu komai ba. Wasu matan zuciyarsu tana komawa daidai cikin wata shida, wasu sai shekara ko fiye, wasu ba ta komawa. Jin sauƙi ba shi ne warkewa ba, hoto ne kaɗai zai nuna. In wani ciki ya shiga alhali zuciyar ba ta dawo ba, ana iya rasa uwar. Ko ta dawo ma ciwon yana iya komowa, don haka sai an zauna an yi shawara tukuna. Ga shi ɗaya daga cikin magungunanta, enalafiril, ba ya hana shayarwa amma yana lahanta ɗan tayi. Ƙwayoyin tazarar haihuwa na haɗi ba su dace da ita ba saboda suna ƙara haɗarin daskarewar jini. Ta ba su zaɓi tsakanin ashanar da ake sawa a hannu da robar mahaifa.

Mijin ya yi shiru, ya ce, "Likita, har zuwa yaushe?"

"Ba zan yanka maka rana ba, Malam. Mu ga hoton wata shida."

Ya dube ni. "Yaya, ya kika gani?" Kafin in buɗe baki Hajiya ta riga ni. Ta ce ita ba ta ga abin tambaya ba. A zamaninsu mace shekara biyu take shayarwa, wata ma a gidan iyayenta, kuma wadda ta yi kwanika har waƙa ake yi mata a dandali. "Ku 'yan yanzu ne ba ku da haƙuri. A sa mata abin, ta rayu ta riƙe mini jikana." Likitar ta yi dariya ta ce da za ta samu Hajiya a asibitin awo da ta huta.

A baranda ya tsayar da ni, murya ƙasa-ƙasa, ya ce zai tambayi malaminsu duk da haka, don ransa ya kwanta. Na ce ya tambaya, amma ya faɗa wa malamin duk abin da likita ta faɗa, kada ya rage. An sa ashanar kafin la'asar, Auta ce ta zaɓa.

Alhamis

An sallame mu. Magani kala huɗu, na rubuta lokacin kowanne a jikin kwalinsa da manyan baƙaƙe saboda Umma. Sista ta zaunar da Goggo musamman, ta ce ita ta ba wa amanar: wanka da ruwa mai ɗumi wanda hannu ke iya zama a ciki, ba kanwa, ba dunƙule, gishiri ɗan kaɗan. Kada a sayo mata maganin ciwon jiki irin su ibufurofen da diklofenak, suna riƙe ruwa. In nauyi ya ƙaru da kilo biyu cikin kwana biyu ko uku, ko ƙafa ta hau, ko ta koma kwana a zaune, a dawo a ranar, ba sai ranar asibiti ba. Goggo ta maimaita su ɗaya bayan ɗaya ba ta manta ko guda ba, sannan ta tambaya ko yajin jego ma an hana. Aka ce a daka mata nata daban, ba gishiri ba kanwa.

Maƙwabciyarmu ta ba mu aron sikeli. Za mu koma bayan sati biyu. Babar yarinyar nan ta gadon dama ta karɓi lambata, ta ce in na ji labarin masu taimakon tiyata in sanar da ita.

Kuɗin magani na wata-wata mun kasa shi uku: mijinta, ni, da Yayanmu na Kaduna, wanda tun safe nake kira wayarsa tana shiga ba ya ɗauka.